Ƙarin ruwa a ƙasar Gobir: abin da mai jinya ya kamata ya sani

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, tafiya asibiti sai an yi shawara: wace hanya za a bi, yaushe za a tashi, wa zai raka. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, har dubban mutane suka ƙetara Gidan Rumji a jihar Maradi, dare ya zama lokacin da ba a fita. Amai da gudawa kuwa ba sa jiran gari ya waye. A annobar kwalara ta 2021 an yi zaton sama da mutum 100,000 sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa.

Don haka jinya daga gida take farawa. Da zarar zawo ya kama, a dama ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ko ana kan hanya. Idan idanu suka faɗa, ko aka ja fatar ciki ta jima ba ta koma ba, ko mara lafiya ya kasa sha, ko ya galabaita, to lokacin ƙarin ruwa ta jijiya ya yi. A nan ne jiran izinin maigida ke jawo hasara. Tsare rai yana cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo domin kiyayewa. Magidanci nagari ya ba iyalinsa izini tun kafin ya bar gida.

A Babban Asibitin Sabon Birni ko na Isa, za a yanki kati, a auna zafin jiki da bugun jini da nauyi, sannan likita ya ga ko za a ba da gado. Ku tafi da tsohon kati da duk maganin da aka sha, har da jiƙo da tsimi, ku faɗi gaskiyar ranar da ciwon ya soma. Wanda abinsa ya fi ƙarfin nan akan tura shi Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Awon nauyin nan shi ne gishirin aikin. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ruwan jikinsa ya ƙare ƙwarai ana ƙara masa mililita 100 a kan kowane kilo. Yaro ɗan shekara biyu mai kilo 10 zai samu lita ɗaya: 300 cikin rabin sa'a, sauran 700 cikin sa'a biyu da rabi. Jariri da bai kai shekara ba, sa'a shida ake ɗauka. Yaro mai tamowa kuma zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da yawa, don haka galibi ta baki ake ba shi. Haka ma tsoho mai ciwon zuciya ko ƙoda, ruwan na iya taruwa a huhunsa. Kada mai jinya ya murɗa maƙullin ledar wai don ta ƙare da wuri. In hannu ya kumbura ko numfashi ya yi sama-sama, a kira ma'aikacin jinya nan take.

Abin takaici, mutanenmu sun ɗauki ledar ruwa tamkar ƙarin ƙarfi, har akan rataya ta a ƙusar ɗaki bayan an sayo a kemis. Alhali leda mai rabin lita ta ruwan sukari da aka saba sawa gram 25 kacal ke cikinta, kusan cokalin shayi shida. Kofin kunu ya fi ta ƙosarwa.

Sai batun ibada. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta zartar cewa allurar magani ba ta karya azumi, ko ta jijiya ce, ban da ruwan da ke ciyar da jiki. Amma wanda ya kai ga buƙatar ƙarin ruwa ai Suratul Baƙara ta riga ta sauƙaƙa masa: ya sha, ya rama bayan ya warke. Salla kam ba ta faɗuwa matuƙar yana cikin hankalinsa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya nuna ya yi ta a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance kan gefensa. In alwala za ta cutar da hannun da allura ke ciki, ya shafa a kan filastar, in ma ruwan ya gagare shi ya yi taimama. Kada a zare allura saboda an ji kiran salla.