CFR-Ghana: Me ya haɗa mutanen Zango da zancen diflomasiyya?

A watan Fabrairun 2019 aka ƙaddamar da wata cibiya a Accra mai suna Council on Foreign Relations Ghana, wadda ake taƙaitawa da CFR-Ghana. Shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, shi ya buɗe ta, amma fa ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wata jam'iyya ba. Tsofaffin jakadu da masana ne suka haɗa kai suka kafa ta, a ƙarƙashin jagorancin Ambasada D.K. Osei, tsohon sakataren Shugaba Kufuor. Aikinta shi ne nazari, da shirya laccoci da taruka, da ba da shawara a kan yadda Ghana za ta zauna da sauran ƙasashe.

Irin wannan cibiya ta daɗe a duniya. An kafa Chatham House a Landan a 1920, ta New York kuma a 1921. Amfaninsu a fili yake: jakadan da ke bakin aiki ba zai iya fitowa bainar jama'a ya ce gwamnatinsa ta kauce hanya ba, amma wanda ya ajiye aiki zai iya.

To, mu a nan Aboabo, ina ruwanmu da wannan? Wallahi da ruwanmu. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dattawanmu har yau suna tuna yadda aka yi ta loda iyalai a manyan motoci, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A 1983 Najeriya ma ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kayan fatake suka maƙale a hanya. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mu damar tsallaka iyaka ba biza. Albasar Nijar da tumatirin Burkina da shanun da ke shigowa ta Paga, duk a kan irin waɗannan shawarwari suke tafiya.

A matsayina na malamin makaranta, ina ganin ɗalibaina sun ɗauki diflomasiyya sana'ar masu kwat da wando ce. Alhali kakanninsu ne suka riƙa kai goro daga ƙasar Asante zuwa Kano ta Salaga, suna sasantawa da kowane sarki a hanya. Kofi Annan ma, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, a Kumasi aka haife shi.

Kirana biyu ne. Ga CFR-Ghana: ta kawo zama Kumasi, ta saurari sarakunan Zango da direbobi da 'yan albasa, don su ne ke kwana a bakin iyaka. Ga iyaye kuma: mu tura 'ya'yanmu su karanci hulɗar ƙasashe, ga cibiyar LECIAD nan a Jami'ar Ghana da ke Legon tun 1989. Yaron da ya tashi da Hausa da Twi da Larabci, aka ƙara masa Turanci da Faransanci, ai ya riga ya ci rabin hanya.