Gobarar Grenfell da Yadda Ake Bin Bahasin Gwamnati

In dai tsari ne na sa wa gwamnati ido, Birtaniya ba ta rasa shi ba. Tun 1861 majalisar wakilan ƙasar ta kafa kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a, kuma bisa al'ada ɗan adawa ke shugabantarsa, don kada mai riƙe da lalita ya zama shi ne mai ƙirga abin da ya fita daga cikinta. Akwai ofishin binciken kuɗi na ƙasa, wanda dokar 1983 ta kafa, ba ya ƙarƙashin kowane minista, majalisa kaɗai yake kai wa rahoto. Babban sakataren kowace ma'aikata shi ake kira da sunansa ya zo ya zauna gaban kwamiti ya faɗi inda kuɗi suka shiga. Kowane ɗan majalisa kuma yana da damar rubuta wa minista tambaya: nawa ma'aikatarka ta kashe bara, mutum nawa kuka ɗauka aiki, nawa kuka sallama, iyalai nawa ke layin jiran gida, minti nawa motar kashe gobara ke yi kafin ta isa inda aka kira ta. Ana buga amsar kowa ya gani. Mai karatu a Najeriya zai gane wasu daga cikin waɗannan, domin kwamitin asusun jama'a na Majalisar Tarayya da ofishin babban mai binciken kuɗi daga can aka gajo su.

Duk wannan yana nan daram a daren Laraba, 14 ga Yuni 2017.

Da ƙarfe 12:54 na dare aka kira 'yan kwana-kwana, aka ce firiji ya kama wuta a wani gida da ke hawa na huɗu na benen Grenfell, a yammacin Landan. Bene ne mai hawa 24, an gama gina shi a 1974, mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi mafi arziki a ƙasar. Amma mazauna benen ba attajirai ba ne. Gidan haya ne na gwamnati mai rangwame, cike da direbobi, masu shara, ɗalibai da tsofaffi, da yawa asalinsu daga Maroko, Sudan, Eritiriya, Lebanon da Gambiya. Watan azumi ne, don haka wasu Musulmin benen idonsu biyu, ana jiran sahur, kuma su ne suka riƙa bubbuga ƙofofin maƙwabta. Motocin farko sun iso cikin minti biyar. Ma'aikatan sun shiga ɗakin girkin sun kashe wutar, ba su san ta riga ta bi ta taga ta kama rufin da aka liƙa wa bangon waje ba. Cikin ƙasa da minti 20 ta kai ƙololuwar benen. Mutum 72 suka rasu, 18 daga cikinsu yara ne.

Wannan rufi na waje sabo ne, a 2016 aka gama sa shi, cikin wani aikin gyara na kimanin fam miliyan 10. A nan zancen kuɗi ya shigo. A lokacin ƙaramar hukumar ba ita ke kula da gidajenta kai tsaye ba, ta miƙa su ga wata hukumar kula da 'yan haya da ake kira TMO, mai riƙe da gidaje kusan 10,000. Kamfanin Rydon ya ci kwangilar a kan kusan fam miliyan 9.2, amma kuɗin da aka ware bai kai haka ba, sai aka nemi a zaftare kimanin fam 800,000. Da farko fallen tutiya aka shirya sawa. Aka sauya da fallen alminiyam mai roba a tsakiya, aka samu rarar fam 293,368. Arha ba ta ado. Robar nan, in ta ji wuta, narkewa take yi tana ɗiga tana ci, a bayanta kuma an shimfiɗa soson tare sanyi wanda shi ma yana ci da wuta, ga tazara tsakanin su biyun da ke zuƙo iska sama. A lokacin ƙaramar hukumar tana da ajiyar da ta kai fam miliyan 274.

Abin lura a nan shi ne, duk mai binciken kuɗin da ya buɗe littafin wannan aiki zai same shi a tsaf. Ba a ce wani ya sace kuɗin benen ba. An kashe su a kan abin da aka rubuta, har ma an yi tsimi. Binciken kuɗi yana tambayar ko an kashe kuɗi bisa ƙa'ida, ba kasafai yake tambayar ko abin da aka saya zai kashe mutane ba. Wannan tambayar ta wasu ce daban, kuma su ma suna nan, da ofisoshinsu da albashinsu.

Na farkonsu shi ne sashen duba gine-gine na ƙaramar hukumar, wanda sai ya sa hannu kafin a ce aiki ya cika sharaɗi. Shekarun tsuke bakin aljihu da suka biyo bayan 2010 sun cinye ma'aikatan sashen. Jami'in da aka ba duba Grenfell ya shaida wa kwamitin binciken da aka kafa bayan gobarar cewa akwai lokacin da ayyuka sama da 100 ke kan teburinsa, kuma bai taɓa duba irin wannan rufi a kan dogon bene ba. Kamfanin zanen ginin, Studio E, shi ma bai taɓa irin aikin ba, kuma ba a yi takarar kwangila kafin a ɗauke shi ba. Mai zane ya ɗauka ɗan kwangila ya duba, ɗan kwangila ya ɗauka ƙaramin ɗan kwangilar da ya liƙa fallen ya duba, shi kuma ya dogara da cewa ai jami'in gwamnati zai duba. Ragin ma'aikata a takardar kasafi layi ɗaya ne, kuma galibi a matsayin nasara ake karanta shi. Abin da mutanen da aka rage ke yi kafin a rage su, ba a cika rubuta shi a wannan layin ba.

Kamfanonin da suka ƙera kayan, Arconic da Celotex da Kingspan, rahoton ƙarshe na kwamitin binciken ya same su da rashin gaskiya da gangan: sun yi wasa da gwaje-gwajen wuta, sun ɓoye sakamakon da bai yi musu daɗi ba. To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin tsakiya ta daɗe da sanin haɗarin. An yi gobarar da ta bi rufin waje a benen Knowsley Heights a 1991, aka sake yi a Garnock Court da ke Sukotland a 1999, mutum ɗaya ya mutu. A ƙarshen wannan shekara wani kwamitin majalisa ya yi gargaɗi cewa kada a jira sai an yi asarar rayuka masu yawa kafin a ɗauki mataki. A 2001 aka gwada irin fallen nan da kuɗin gwamnati, ya ci da wuta ba ƙaƙƙautawa, sai aka ajiye sakamakon ba a sanar da magina ba. A Yulin 2009 mutum shida suka mutu a benen Lakanal House a kudancin Landan. Alƙaliyar da ta binciki musabbabin mutuwarsu, Frances Kirkham, ta rubuta wa ministan ƙananan hukumomi Eric Pickles a 2013, ta nemi a sake duba ƙa'idojin kariyar gobara, a kuma ƙarfafa sa na'urar yayyafa ruwa a tsofaffin benaye. Minista ya amsa cikin ladabi. Wata ƙungiyar 'yan majalisa mai kula da sha'anin gobara ta yi ta aika wasiƙun tuni, ana amsa mata cewa ana kan dubawa. Har daren Grenfell ba a yi gyaran ba. A waɗannan shekarun manufar gwamnati ita ce rage dokoki, duk ma'aikatar da ke son kawo sabuwar ƙa'ida sai ta soke biyu, daga baya ma uku. Kundin ƙa'idojin gobara na duk gine-ginen Ingila kuwa an bar shi kusan a hannun jami'i guda, wanda ba babba ba ne, ba kuma mai duba aikinsa yadda ya kamata.

Ashe tambaya ba ta yi ƙaranci ba, amsa ma haka. Abin da babu shi ne wanda aikinsa ne ya dawo bayan shekara ya ce: kun ce za ku yi, kun yi?

Mazauna benen su ma sun yi magana. Sun yi ƙorafi a kan ƙofofin da ba sa rufe kansu, da wutar lantarki mai hauhawa, da hanyar motar kashe gobara da ake tarewa. A Nuwamban 2016 ƙungiyarsu ta wallafa cewa ga alama sai wani babban bala'i ya auku kafin asirin masu kula da gidan ya tonu. Hukumar TMO ta ɗauke su 'yan neman fitina. Matakala ɗaya ce a benen gaba ɗaya, kuma ba a yi wa naƙasassu da tsofaffi wani tanadi na fita ba. Cikin mazauna 37 masu naƙasa, 15 sun mutu.

Sai hukumar kashe gobara. Ba wanda ya yi shakkar jarumtar ma'aikatan da suka riƙa hawa matakalar nan cikin baƙin hayaƙi. Matsalar a sama take. Ƙa'idar dogayen benaye a Birtaniya ita ce, in wuta ba a gidanka take ba, ka zauna ciki ka rufe ƙofa, domin an gina kowane gida yadda zai tare wuta har a kashe ta. Ƙa'ida ce mai ma'ana matuƙar ginin yana yadda aka zana shi. A Grenfell wuta ta waje ta biyo, tana shiga ta tagogi, amma masu amsa waya suka ci gaba da ce wa mutane su zauna, ana zuwa. Sai ƙarfe 2:47 aka janye umarnin. Kwamitin bincike ya ce tsakanin 1:30 da 1:50 ya kamata a janye shi, lokacin da matakalar ke biyuwa. Kira ya yi wa ɗakin amsa waya yawa, ana rubuta lambobin gidaje a allo da guntayen takardu ana miƙawa, rediyon ma'aikata kuma ba ya aiki sosai cikin kankaren benen. An yi ta tuno cewa a 2014, zamanin da Boris Johnson ke magajin garin Landan, an rufe tashoshin kashe gobara 10. Amma inda kwamitin ya fi ɗora nauyi shi ne rashin horo da raunin shugabanci: hukumar ta ga abin da ya faru a Lakanal House, ta rubuta darussa, ba ta koyar da kwamandojinta yadda za su gane cewa gini ya ƙwace, a kwashe mutane ba.

Da gari ya waye, waɗanda suka tsira sun fito da kayan barci, ba su ga jami'an ƙaramar hukuma ba. Masallacin Al-Manaar da coci-coci da ƙungiyoyin unguwa ne suka buɗe ƙofa, suka ba da abinci da wurin kwana, suka riƙa haɗa sunayen waɗanda ba a gani ba. Mako guda bayan haka Firaminista Theresa May ta tsaya a majalisa ta ba da haƙuri, ta amsa cewa hukuma ta gaza, ta sama da ta ƙasa. Ta yi alkawarin samar wa kowa matsuguni cikin mako uku. Iyalai kimanin 200 ne, ƙaramar hukumar ta ware sama da fam miliyan 200 don sayen gidaje, amma shekara ta zagayo da dama suna ɗakunan otal. Babban jami'in ƙaramar hukumar da shugabanta sun sauka kafin watan Yuni ya ƙare. Shugabar hukumar kashe gobara, Dany Cotton, ta tafi a ƙarshen 2019, bayan rahoton farko na kwamitin binciken.

Kwamitin binciken, ƙarƙashin tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick, ya yi shekara bakwai yana aiki, ya ci sama da fam miliyan 170. Irin wannan kwamiti yana da ikon tilasta wa mutum ya zo ya yi rantsuwa, ya kuma miƙa wasiƙunsa, shi ya sa aka ga abin da ma'aikatan kamfanoni ke rubuta wa juna a asirce. Amma ba kotu ba ce, ba ya ɗaure kowa, kuma shawararsa ba dole ba ce a kan gwamnati. Rahoton ƙarshe ya fito ranar 4 ga Satumba 2024, shafi kusan 1,700 da shawarwari 58, ya ce duk mutuwar da aka yi da an iya kauce mata. A ganina shawarar da ta fi tono tushen matsalar ita ce wadda ba ta da armashi ko kaɗan: a tilasta wa gwamnati ajiye rajista a bainar jama'a ta duk shawarar da kwamitin majalisa ko alƙalin binciken mutuwa ko kwamitin bincike ya bayar, da abin da aka yi a kai, in kuma an ƙi, a faɗi dalili.

An yi sababbin dokoki. An haramta rufi mai ci da wuta a sababbin benayen da suka wuce mita 18 tun ƙarshen 2018, aka yi dokar tsaron gine-gine a 2022, da wata a 2023 da ta ƙara wa 'yan hayar gidajen gwamnati ƙarfi. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya shigo da lissafinsa a Nuwamban 2024: benayen da ke buƙatar gyara a Ingila za su iya kaiwa 12,000, kuɗin aikin kimanin fam biliyan 16.6, fiye da rabinsu ba a ma tantance su ba tukuna, kuma aikin zai iya kaiwa 2035. Waɗanda abin ya shafa, kusan mutum 900, sun sasanta da kamfanoni da hukumomi a kan diyyar fam miliyan 150. Ta fuskar laifi kuwa, a Mayun 2024 'yan sandan Landan sun ce suna binciken mutum 58 da kamfanoni da hukumomi 19, kuma masu gabatar da ƙara ba za su yanke shawarar wanda za a gurfanar ba kafin ƙarshen 2026.