Yadda Likitoci Ke Auna Baƙin Cikin Rashin Haihuwa A Indiya

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma likitocin ƙasar Indiya masu duba ma'auratan da ba su samu haihuwa ba sun ga fuska ba ta isa ba, domin mutum ya kan ɓoye abin da ke cinsa. Saboda haka sai su auna damuwar da takardar tambayoyi.

A wurin likita, mai rashin haihuwa shi ne wanda ya shekara guda cur da iyalinsa, ba su sha maganin hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai shiga ba. Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida ya kan gamu da wannan a rayuwarsa.

Ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne FertiQoL, wanda aka fitar cikin 2011, aka kuma juya shi da harshen Hindi. Tambayoyi 36 ne. Ana tambayar mutum halin zuciyarsa, da gajiyar jikinsa, da zamansa da abokin aure, da yadda jama'a ke ɗaukarsa, da wahalar neman magani. Daga nan a haɗa maki daga sifili zuwa 100. Wanda makinsa ya yi ƙasa, shi ne abin ya fi ci.

Galibi mata ne makinsu ke faɗuwa, alhali kuwa sau da yawa matsalar daga wajen miji take. Dalili shi ne amarya a Indiya ta kan tare gidan iyayen miji, uwar miji na ƙirga mata watanni. In shiru ya yi yawa sai a kira ta "banjh", watau juya, har a riƙa ƙyamar ta wurin bikin masu juna biyu. Ga shi kuma a al'adar Hindu ɗa namiji ne ke cinna wutar ƙona gawar ubansa. Dokar aure ta 1955 kuwa ta hana mabiyin Hindu ƙara mata, don haka wani mijin saki yake nema.

Su maza fa? Da yawa ba su yarda a gwada su, wanda aka gwada kuma ya kan yi gum. Shi ya sa ake so a ba miji takardarsa daban, mata tata daban, kowa ya amsa ba idon wani. Wanda aka ga damuwarsa ta yi tsanani sai a haɗa shi da mai ba da shawara, ana maganin jiki ana na zuciya.