Me ya sa zarton inji da injin sassabe ke mutuwa da wuri a hannun masu aiki da su?

Bayan bidiyon da muka yi kan injunan yankan itace, wani ɗan uwa da ke aikin gyaran lambu da sare bishiyoyi a arewacin Ingila ya turo mana saƙo. Ya tara kuɗi ya sayi zarton inji mai tsada, bai kai wata huɗu yana aiki da shi ba injin ya buga. Da ya mayar shago, bakanike ya kwance salansa, ya leƙa fistin, ya ce masa garanti bai shafi wannan ba. A satin ya rasa ayyuka uku, ga haya tana jira. Tambayarsa ita ce: wane kamfani ne injinsa ba ya lalacewa?

Gaskiyar magana, babu shi. Stihl na Jamus, da Husqvarna na Suwidin, da Echo na Japan duk suna yin injuna masu ƙarko. Amma abin da ke kashe inji a hannun mai aiki kullum abubuwa ne ƙanana guda uku: man da ya sha, iskar da ya shaƙa, da kaifin abin da yake yanka da shi.

Mai shi ne ran injin

Yawancin waɗannan injuna masu bugu biyu ne, wato ba su da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. Man da ke hana fistin goga jikin silinda yana shiga ne gauraye da fetur. Zarton ƙwararru yana iya juyi sama da 13,000 a minti ɗaya. To ka ƙaddara an zuba masa zallar fetur: cikin 'yan mintoci fistin zai yi zafi, ya karce silinda, ya maƙale. Abin da bakaniken can ya gani ke nan, kuma kowane bakanike yana gane wannan karcewar da ido.

Ma'aunin da Stihl da Husqvarna suka bayar ga injunansu na zamani shi ne 50:1. Lita 5 na fetur, mililita 100 na mai. Lita 1, mililita 20. Idan kana Amurka, galan ɗaya yana ɗaukar oza 2.6. Kada ka yi ƙiyasi da murfin gora, ka sayi ƙaramin kofin awo. Ka duba jikin gorar man ka ga alamar JASO FD ko ISO-L-EGD. Man injin jirgin ruwa, mai alamar TC-W3, an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa, bai dace da wanda iska ke sanyayawa ba. Baƙin man mota kuwa kada ma ka fara.

Wasu suna cewa bari su ƙara mai fiye da ƙima don kariya. Abin da hakan ke jawowa shi ne hayaƙi, da baƙin fulogi, da toshewar ragar da ke bakin salansa.

Sai kuma shawara mafi sauƙi: jarkar gauraye ta bambanta da jarkar zallar fetur a launi, kuma a rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe. Sau da yawa hannun abokin aiki ne ke ɗauko jarkar da ba ita ba a bayan mota.

Fetur ma yana tsufa

Tun watan Satumba na 2021 fetur ɗin yau da kullum a Ingila ya koma E10, mai ɗauke da etanol har kashi 10 cikin ɗari. A Amurka an daɗe da hakan. Injunan zamani suna ɗaukar E10, amma E15 da E85 da ake gani a wasu gidajen man Amurka ba nasu ba ne.

Matsalar etanol tana fitowa ne wajen ajiya. Yana jawo danshi daga iska, idan ruwan ya yi yawa sai ya ware ya kwanta a ƙasan tanki, inda tiyo ke zuƙa. Fetur ɗin da ya daɗe kuma yana barin danƙo a ƙananan hanyoyin kafireta, ya ƙandarar da 'yar fatar da ke tura mai. Shi ya sa injin da aka ajiye lokacin sanyi yake ƙin tashi idan bazara ta zo. Kamfanonin suna cewa kada gauraye ya wuce kamar kwana 30. Ka haɗa na sati ɗaya ko biyu, ka girgiza jarka kafin ka zuba. Idan za ka ajiye inji na watanni, ka juye tanki, ka tayar da shi ka bar shi ya yi ta aiki a hankali har ya mutu da kansa. Akwai kuma fetur na musamman da ake sayarwa a gauraye, irin su Aspen 2 da MotoMix, ba su da etanol kuma suna daɗewa a ajiye. Suna da tsada, amma ga injin da ba kullum ake tayar da shi ba, sun fi kuɗin gyaran kafireta sauƙi.

Iska da zafi

Waɗannan injuna ba su da lagireto. Fanka ce ke hura iska ta ratsa tsagogin da ke jikin silinda. Garin katako da mai idan suka cushe tsagogin, zafi ba shi da hanyar fita. Buroshi da minti biyar a ƙarshen yini sun isa.

Matatar iska ma haka. Idan ta toshe, injin zai rasa ƙarfi ya riƙa shan mai. Idan ta yage, ƙura za ta shiga tana cin fistin kamar sanfefa. Kafin ka cire ta, ka rufe cok don kada datti ya faɗa cikin kafireta. 'Yan uwanmu da ke aiki a Gana, Kamaru da Chadi, lokacin hunturu idan ƙura ta taso, duba matata sau ɗaya a yini ba zai ishe ku ba.

Akwai alamar da ba a wasa da ita: inji ya riƙa gudu da kansa ba ka taɓa maƙura ba, ko sarƙa ta riƙa juyawa alhali yana tsaye, ko ƙararsa ta koma siririya kamar yana kuka. Sau da yawa wannan na nufin iska tana shiga ta inda bai kamata ba, mai ya yi kaɗan a cikin haɗin. Kashe shi ka kai wa bakanike. Idan ka ce bari in ƙarasa wannan bishiyar, da fistin ɗinka za ka biya.

Ga masu son fasaha: injunan ƙwararru na yanzu suna da 'yar kwamfuta da ke daidaita mai da kanta. Stihl na kiranta M-Tronic, Husqvarna na kiranta AutoTune, kuma dila yana iya jona injin da kwamfuta ya karanta bayanansa. A 2019 ma Stihl ya fitar da MS 500i wanda ba shi da kafireta kwata-kwata, inji ne ke fesa masa mai. Abu ne mai kyau, amma kwamfutar ba ta wanke matata, ba ta kuma san abin da ka zuba a jarka ba.

Sarƙa mai kaifi

Ka dubi abin da zarto ke zubarwa. Idan ɓarɓashi ne manya-manya, sarƙa na da kaifi. Idan gari ne kamar dusa, kuma sai ka danna da ƙarfi kafin ya shiga, ta dakushe. Dakusasshiyar sarƙa tana wahalar da inji, tana ƙona kuloci, tana cinye dogon ƙarfen da take zagayawa a kansa, wanda za mu kira takobi.

Kowace sarƙa da girman magagarinta. Mai .325 tana son milimita 4.8, ƙaramar 3/8 tana son milimita 4.0, babbar 3/8 kuma 5.2 ko 5.5, ya danganta da kamfanin. Yawanci ana wasawa a kusurwar digiri 30, kuma adadin gugar da ka yi wa haƙoran dama ka yi wa na hagu, in ba haka ba yanka zai riƙa karkacewa. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizo, ana so ya gaza haƙorin da kamar milimita 0.65. Wasu suna goge shi sosai don zarto ya yi sauri. Sakamakon shi ne girgiza da fizga mai haɗari. Guga biyu ko uku duk lokacin da ka zuba mai ya fi ka jira sai ta mutu murus.

Sarƙa tana saki idan ta yi zafi. Idan ka ɗaure ta da zafinta, ka sassauta bayan ka gama, domin idan ta huce za ta tsuke ta matsa wa boris. Duk sanda ka cika tankin fetur, ka cika na man sarƙa. Don gwaji, ka nuna bakin takobi ga kututture ka ba shi wuta kaɗan, ya kamata ka ga layin mai. Kada ka zuba tsohon baƙin man mota, yana lalata famfon mai kuma ba shi da kyau ga fata. Ka riƙa juya takobi sama ya koma ƙasa don ya cinye daidai, ka kuma sauya haƙoran da ke jan sarƙa bayan ka cinye sarƙa biyu.

Injin sassabe

Duk abin da muka faɗa kan mai da iska ya shafe shi, amma a kula da wani bambanci. Injunan Stihl masu alamar 4-MIX suna da bawul, duk da haka gauraye suke sha. Injin Honda GX35 kuwa zallar fetur yake sha, baƙin mansa yana da mazubi daban. Ka san wanne ne a hannunka kafin ka buɗe tanki.

Wurin da aka fi mantawa shi ne giyar da ke can ƙarshen sanda. Tana son giris, kuma a yawancin injunan Stihl ana cewa a duba bayan kowace awa 25 ta aiki. Ciyawa da igiya da ke naɗewa a wuyan giyar a cire su nan take, suna riƙe zafi.

Kada ka cire garkuwar da ke bayan kan yanka. A jikinta akwai 'yar wuƙa da ke datse zaren roba a daidai tsawonsa. Idan babu ita zaren zai yi tsayi, injin ya yi nauyi, kuloci ya ƙone. Haka nan yawan aiki da rabin wuta yana sa kuloci sulɓi, ka ba shi wuta sosai lokacin yanka. Zaren da ya bushe yana yawan tsinkewa, jiƙa shi a ruwa ya kwana yana taimakawa. Faifan ƙarfe kuma idan ya tsage a jefar, ba a yi masa walda. Mutane su kasance nesa da kai aƙalla mita 15.

Kafin ka sayi inji

Ƙaramin zarto irin MS 170 an yi shi ne don mai gida da ke yanka itace jefi-jefi. MS 261 ko Husqvarna 550 XP, masu kimanin cc 50, an gina su don aikin yini guda, jikin injinsu na ƙarfen maganiziyam ne kuma ana iya kwance silinda a sauya. Sayen na gida don aikin kasuwanci araha ce da ba ta ado. Ka kuma karanta takardar garanti, domin wa'adin mai aikin kuɗi yakan gaza na mai gida.

Sannan ka tambayi kanka: idan ya lalace ranar Talata, wa zai ba ni kayan gyara kafin Alhamis? Kamfanin da ke da dila kusa da kai ya fi maka wanda aka fi yabo a intanet. A yi hattara da jabu, musamman na tsohon samfurin Stihl 070 da suka cika kasuwanni. Idan kuɗin ya yi sauƙi fiye da hankali, akwai dalili. Idan na hannu ne, ka nemi a cire salansa ka leƙa fistin kafin ka biya.

Injunan batir sun kawar da matsalar gauraye, fulogi da kafireta, kuma maƙwabta ba sa ƙorafin ƙara. Amma sarƙa da manta suna nan yadda suke. Kada a bar batir cikin mota a rana, kuma idan za a ajiye shi ya daɗe a bar shi da kamar rabin caji.

Kai ma kana cikin lissafi

Kowace safiya ka gwada birkin sarƙa. Shi ne ke tsayar da ita idan saman bakin takobi ya taɓa wani abu zarton ya zaburo maka. Hular kwano mai raga, abin toshe kunne, takalmi da wandon kariya ba kwalliya ba ne. Robobi da sifirin da ke rage girgiza idan sun mutu a sauya su, don girgizar shekaru tana kashe jijiyoyin yatsu, kuma ba ta warkewa. A Birtaniya doka ta wajabta horo ga mai aiki da zarton inji, shi ya sa masu ba da aiki ke neman takardar City & Guilds NPTC ko ta Lantra.

Ɗan uwanmu da ya turo tambaya, ga amsarka: ka gyara wanda ke hannunka idan kuɗin fistin da silinda bai kai rabin kuɗin sabo ba, ka sayi jarka mai launi daban, ka ware minti goma kowace yamma. A bidiyo na gaba za mu wasa sarƙa a gaban kyamara, haƙori bayan haƙori. Sai mun haɗu.