Kyautar Jariri: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

In aka yi haihuwa a Madawa, ko Buza, ko Keita, labari ba ya kwana. Tun ranar farko mata su kan shiga gidan su yi barka. Ran kwana bakwai a taru da sassafe, a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski. Daga nan sai kyauta ta yi ta shigowa. Wannan ta kawo zane, waccan ta kawo sabulu, wata ta kwance kuɗi daga bakin zanenta.

Wannan al'ada ce mai kyau, domin tana ƙarfafa zumunta. Amma akwai inda ta kan yi nauyi. Mata suna da abin da suke kira biki. In wata ta kawo wa mai jego kuɗi, to, ran da ita ma ta haihu sai a mayar mata, sau da yawa har a ninka. A haka dala ɗari ta kan zama jika, jika ta zama jika biyu. Wata ta kan ci bashi, ko ta sayar da akuyarta, don kada ta ji kunya cikin taro. Ga shi kuwa jaririn da aka yi abin dominsa bai san ana yi ba.

Tsada ba ita ce ke sa kyauta ta yi kyau ba. Kafin mutum ya tafi kasuwa, ya kamata ya tambayi kansa abu uku. Wata nawa yaron ke da shi? Wane lokaci na shekara ake ciki? Abin da za a ba shi zai amfane shi, ko zai iya cutar da shi?

Daga haihuwa zuwa wata shidda

Sabon jariri ba ya bukatar abin wasa. Idonsa ma bai gani sosai sai abin da ke kusa, kamar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin uwarsa zuwa fuskarta. Abin da yake so shi ne nono, da barci, da ɗumi, da tsabta.

Saboda haka sabulu ba ƙaramar kyauta ba ce. Da shi ake wanke tsummokin jariri, da shi uwa ke wanke hannu kafin ta ɗauke shi. Wanke hannu da sabulu yana rage zawo, zawo kuwa yana cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara. Zanen goyo da majanyi su ma za su yi aiki kullum, har yaro ya fara tafiya. Ba sai sabo ba. Tsohon zanen auduga da aka wanke aka shanya a rana ya fi sabo laushi a jikin jariri.

Ana duba lokaci kuma. Yaron da aka haifa cikin ɗari, a watan Disamba ko Janairu, hula da riga mai kauri sun fi masa komi. Wanda aka haifa gab da damina kuwa, babu kyautar da ta kai masa gidan sauro, wanda ake kira sange. Sauro ya kan yi yawa bayan ruwa ya zauna, musamman a garuruwan da ke bakin fadamar Tarka da tabkin Keita, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba. Tun shekarar 2013 aka fara ba yaran Madawa da Buza maganin rigakafin wannan zazzaɓi sau ɗaya a wata cikin damina. Amma sai yaro ya kai wata uku ake fara ba shi. Kafin nan, sange ne garkuwarsa. Sange mai magani ya kan yi aiki kamar shekara uku, in ana shanya shi a inuwa, ana kuma ɗinke shi da zarar ya yage.

Akwai wata kyauta da ba a miƙa wa jariri, amma shi ke cin amfaninta. Ita ce abincin mai jego. Tiyar gero, ko wake, ko gyaɗa, duk suna ƙara wa uwa ƙarfi ta shayar da ɗanta. Likitoci sun ce nonon uwa kaɗai ya ishi yaro har wata shidda, ko ruwa ba ya bukata.

Daga wata shidda zuwa shekara ɗaya

Wajen wata shidda yaro ya kan fara zama, haƙora su fara fitowa. Bayan ƴan watanni sai rarrafe. A wannan lokaci duk abin da hannunsa ya kama, baki zai kai shi.

Tabarmar kaba ta dace da shi ƙwarai. An san Madawa da saƙar tabarma har a nesa, kuma a nan ta fi araha, tun da ba a biya mata kuɗin mota ba. Yaro ya zauna a kai, ba ya cin ƙasa. Ƙaramin ƙoƙo da ludayi nasa na kansa su ma kyauta ce mai amfani, domin yanzu ne yake fara shan kunu a kan nono. In yana da ƙoƙonsa, uwa za ta san ko nawa ya sha.

Wadda ba ta da kuɗi tana iya kawo garin kunu. A soya gero da wake da gyaɗa sama-sama, a niƙa su tare, a tankaɗe, a zuba cikin abu mai murfi. Wannan kunu ya fi na gero zalla gina jiki.

Daga shekara ɗaya zuwa uku

Da yaro ya fara tafiya, sai ya so abin ja, da abin turawa, da abin bugawa. Yawancinsu ana iya yin su a gida. Da karan dawa ake yin mota da doki. Da tsumma ake ɗinka ƙwallo da ƴar tsana. Tsohuwar ƙwarya da ludayi sun zama ganga. Mota ta roba da aka sayo a kasuwa ta kan karye cikin kwana kaɗan, sai a yar. Ta kara kuwa, in ta lalace, yayan yaro zai gyara ta da yamma ɗaya. Takalmi shi ma kyauta ce mai kyau, don ƙaya da zafin ƙasa. Gara a sayi mai ɗan girma, domin ƙafar yaro ba ta jira.

Tsofaffi suna da wata dabara. Su kan ba jika kaza, su ce tasa ce. Kaza ta yi ƙwai, yaro ya ci wasu, a bar mata wasu ta ƙyanƙyashe. In Allah ya kiyaye su, a sayar da kaji a sayi ƴar akuya. Jar akuya ta Maraɗi ta kan haifi biyu sau da yawa. Ta haka kyautar ke girma tare da mai ita.

Abin da ba a ba ƙaramin yaro

Duk abin da zai iya shiga bakin yaro gaba ɗaya, ba a ba wanda bai kai shekara uku ba. Kuɗin ƙarfe, da maɓalli, da duwatsun ado, da ƙwayar gyaɗa, da alewa mai tauri, duk suna iya maƙale masa a wuya su hana shi numfashi. Haka leda da balan-balan. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na wasu kayan wasa masu ƙara, ya fi su haɗari: in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu. Motar gwangwani tana da kaifi, ta manyan yara ce.

Ba a ba jariri zuma sai ya cika shekara. Kwalbar shayarwa kuma ba kyauta ba ce mai kyau. Wanke ta yana da wuya, madarar gwangwani tana da tsada, in aka dama ta da ruwa marar tsabta sai zawo. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar da ke hana tallar irin wannan madara ga iyaye mata.

Haɗa ƙarfi

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, bai fi ƙarfin biyar ba. Dala ɗaya tamma 5 ce, jika kuwa dala 200. In maƙwabta biyar suka ba da dala 40 kowace, sun tara jika guda. Da ita za su sayi abu ɗaya mai amfani, babu wadda ta ci bashi.

Ɗan makaranta ma yana da abin bayarwa. Yana iya ɗebo wa mai jego ruwa, ya share tsakar gida, ko ya yi wa ƙaninsa motar kara. Mai jego ba ta mantawa da wanda ya cika mata randa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ake dubawa kafin a zaɓi kyautar jariri?
2. Don mi sange ya fi dacewa da yaron da aka haifa gab da damina?
3. Faɗi abu huɗu da ba a ba yaron da bai kai shekara uku ba.
4. Mata takwas suna so su tara jika biyu. Dala nawa kowace za ta bayar?
5. Aikin hannu: kowane ɗalibi ya yi abin wasa guda da kara ko da tsumma, ya kawo shi aji.