Gubar Dalma a Zamfara: Yadda Take Cin Jiki da Yadda Ake Raba Ƙasa da Ita

Abubuwan da ke gurɓata muhalli sun kasu gida biyu idan aka dubi makomarsu bayan sun zuba a ƙasa ko a ruwa. Akwai waɗanda ke ruɓewa, irin su ɗanyen mai da najasa da yawancin magungunan feshin gona, domin ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cinye su sannu a hankali har su mayar da su ruwa da iska, ko da kuwa aikin zai ɗauki shekaru masu yawa. Akwai kuma ƙarafa masu guba, irin su dalma da zaiba, waɗanda rana ba ta ƙone su, damina ba ta narkar da su, babu kuma wata halitta da ke iya sauya su zuwa wani abu marar cutarwa, saboda su kansu tushen sinadarai ne da ba a farfasa su zuwa wani abu dabam. Wannan bambanci shi ne ke yanke hukuncin irin aikin da za a yi, domin gubar da ba ta ruɓewa ba a kashe ta, iyakar abin da ɗan Adam zai iya shi ne ya ɗauke ta daga inda take cutarwa ya kai ta inda ba za ta taɓa kowa ba. Abin da ya faru a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara daga shekarar 2010 ya nuna wannan ƙa'ida ƙarara, kuma masana lafiya na duniya suna lissafa shi cikin annobar gubar dalma mafi muni da aka taɓa rubutawa.

Asalin lamarin zinariya ce. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, har oza ɗaya ta haura dalar Amurka 1,000 a 2009, sai manoman yankin da suka daɗe da sanin akwai ta a duwatsunsu suka duƙufa ga haƙa, tun da abin da mutum zai samu a rami ya ninka abin da gonar gero ke ba shi. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa a haɗe da zinariyar, kuma maimakon a sarrafa shi a bakin rami sai aka riƙa kawo shi cikin gari a buhuna, ana farfasa shi da guduma, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan da aka saba kai hatsi, sannan a wanke garin a bakin rijiya ko kududdufi, a zuba masa zaiba don ta tattaro ƙwayoyin zinariyar. Da yawa daga cikin wannan aiki a tsakar gida ake yinsa, mata na daka da shanya, yara na rarrafe a gefensu, ƙurar kuma tana sauka a kan tabarma da ƙwarya da tsabar da aka baza, tana shiga daɓen ɗaki da bangon laka.

Dabbobi ne suka fara nuna alama, domin a farkon 2010 agwagi sun riƙa mutuwa a yankin, su da ke yini suna tsotsar taɓon kududdufan da ake wankin dutse, amma ba a ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka sami labarin mace-macen ƙananan yara da ya wuce ƙima, kuma yaran na zuwa da amai da ciwon ciki da jijjiga, amma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Gwajin jini ne ya warware zare da abawa. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada jininsu sun kai matakin da ke buƙatar magani na gaggawa. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ba ta gaza 400 ba.

Ana auna dalmar jini da mikrogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin desilita guda, wato kashi ɗaya cikin goma na litar jini. A wancan lokaci mikrogiram 10 shi ne adadin da ake fara damuwa da shi, 45 kuma shi ne inda likita ke fara ba da magani, amma a Zamfara an sami yara masu ɗaruruwa, har ƙaramar na'urar gwajin da aka je da ita, wadda ba ta karanta abin da ya wuce 65, ta riƙa cikewa ba tare da ta faɗi adadi ba. Ƙasar wasu gidaje kuwa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke bi a lokacin ga wurin wasan yara shi ne 400. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa babu wani adadin dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa.

Dalilin da ya sa dalma ke yin wannan ɓarna shi ne jiki ba ya bambanta ta da wasu sinadarai da yake matuƙar buƙata, musamman kalsiyam, wanda ke gina ƙashi yake kuma taimaka wa jijiyoyi isar da saƙo, da sinadarin ƙarfe da ake haɗa jini da shi. Dalma na shiga jiki kamar baƙon da ya sa rigar ɗan gida, a buɗe masa ƙofa ya zauna a mazaunin mai aiki alhali bai san aikin ba. A ɓargo tana hana haɗa jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, sai ƙarancin jini ya biyo baya. A ƙoda tana lalata matatun fitsari tana kuma tayar da hawan jini. A ƙwaƙwalwa tana dagula hanyoyin da ƙwayoyin jijiya ke haɗuwa da juna, idan kuma ta yi yawa sai ƙwaƙwalwar ta kumbura, daga nan sai jijjiga da suma da mutuwa. Yaron da ya tsira daga wannan mataki kan iya tashi da makanta ko kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, wanda kuma ya sha kaɗan yakan tashi ba tare da wata alama a fili ba, sai dai a ga karatu na yi masa wuya, a ɗora laifin a kan wasa ko rashin kula.

Ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari saboda dalilai da suka taru wuri guda. A ƙasa suke wasa, hannunsu kuma ba ya rabuwa da baki, hanjinsu na tsotsar dalmar da suka haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, ƙwaƙwalwarsu kuma tana kan ginuwa. Yunwa na ƙara tsananta lamarin, domin jikin da ke ƙarancin kalsiyam da sinadarin ƙarfe ya fi zaƙuwa wajen karɓar duk abin da ya yi kama da su. Dalmar da ke yawo a jini takan ragu da rabi cikin kimanin wata guda, amma mafi yawanta ƙashi da haƙora take komawa, inda take kwanciya shekaru gommai, kuma idan mace ta ɗauki ciki jikinta ya fara ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina ɗan tayi, dalmar na biyo shi ta ratsa mabiyiya. Yarinyar da ta sha ƙura a 2010 za ta iya miƙa wani kaso na gubar ga ɗan da za ta haifa yanzu.

Maganin da ake bayarwa, wanda a Zamfara aka fi amfani da nau'insa na haɗiya mai suna DMSA, aikinsa shi ne ya damƙe ƙwayar dalmar da ke cikin jini ya riƙe ta har ƙoda ta fitar da su tare a fitsari. Yana ceton rai, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, ba ya kuma kaiwa ga abin da ke kwance a ƙashi, shi ya sa yaro kan sha zagaye bayan zagaye yayin da ƙashin ke sake sakin guba cikin jini. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne maganin ba shi da amfani ga yaron da zai koma ya kwana a ɗakin da ya cutar da shi, don haka likitoci suka kafa sharaɗin cewa sai an tsabtace ƙauye kafin a fara jinyar yaransa a gida.

Tsabtacewar kuwa aikin fartanya ne da shebur da baro. Kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, wanda ya yi shekaru yana gyaran wani yankin haƙar dalma a can, shi ya tsara aikin tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jiha da sarakunan yankin, mutanen ƙauyukan kuma su aka ɗauka suka yi shi. Ana shiga gida da wata na'ura ta hannu da ke haska ƙasa ta faɗi adadin dalmar da ke cikinta nan take, a fitar da kayan ɗaki a share su a wanke, a kankare saman ƙasar tsakar gida kimanin santimita biyar, a sake aunawa, inda adadin bai sauka ba a ƙara kankarewa, sannan a kawo ƙasa mai tsabta daga wurin da aka gwada a shimfiɗa. Ƙasar da aka kwashe a buhuna ake ɗure ta, a kai wani rami da aka haƙa nesa da gari da rijiyoyi a binne. Kududdufai ma an yashe taɓonsu. Tsakanin tsakiyar 2010 da farkon 2011 an gama ƙauyuka bakwai, ciki har da Abare da Sunke da Tungar Daji, kuma a ƙarshen aikin baki ɗaya an kwashe fiye da kubik mita 27,000 na gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje da wuraren niƙa 820.

Bagega, wadda ta fi sauran girma kuma take da babbar matattarar injinan niƙa, ita ce ta nuna tsadar jinkiri. Kuɗin agajin waje ya ƙare kafin a kai gare ta, gwamnatin tarayya ta yi alkawari amma sakin kuɗin ya ɗauki lokaci, yara kimanin 1,500 kuma suka zauna jiran maganin da likitoci ke da shi a hannu amma ba su da damar farawa. Sai a watan Janairun 2013, bayan matsin lambar ƙungiyar Human Rights Watch da gangamin matasa na Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal, gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka tsabtace garin a cikin shekarar. Babu wata wahalar fasaha da ta tsayar da aikin duk tsawon wannan lokaci, kuma da wuya a sami uzurin da zai wanke waɗanda takardar ta kwana a teburinsu.

Akwai wasu hanyoyin da masana ke gwadawa a wurare dabam. Ɗaya ita ce shuka tsirran da saiwarsu ke zuƙo ƙarafa, sannan a girbe su a binne, amma dalma na manne wa ƙasa ƙwarai, tsirrai kaɗan suke iya ɗauka, aikin kuma na cin damina da yawa, don haka bai dace da tsakar gidan da jariri ke rarrafe yau ba. Ciyawa mai zurfin saiwa irin dangin jema ta fi amfani wajen riƙe ƙasa don kada iska da ruwa su yaɗa ta. Wata hanyar ita ce zuba sinadarin fosfet, irin wanda ke cikin takin zamani, wanda ke haɗuwa da dalma ya mayar da ita wani ma'adini mai wuyar narkewa a hanji, sai dai gubar tana nan a wurin, ƙarfinta kawai aka rage. Ƙwayoyin halitta masu cin gurɓata kuwa a malalar mai suke aiki, kamar a ƙasar Ogoni, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa farfaɗo da muhalli zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30.

Dalma ba a ramin zinariya kaɗai take ba. Tana cikin tsofaffin batiran mota da ake fasawa a narkar a bayan kasuwa, da wasu fentin gidaje, da kuma kwalli, wanda sau da yawa daga dutsen dalma ake niƙa shi. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano gubar a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Man fetur ma ya daɗe yana ɗauke da ita kafin a daina a duniya baki ɗaya a 2021.

Gidan da aka tsabtace yakan sake gurɓata da zarar buhun dutse ya sake shigowa, kuma a 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu a Shikira da ƙauyukan kewaye. Hana haƙa da ƙarfin doka bai kawar da matsalar ba, domin wanda abincin iyalinsa ke cikin rami ba ya barinsa don sanarwar rediyo, sai dai ya ɓoye aikin, kuma babu maɓoyar da ta fi cikin gida. Abin da aka ga yana aiki shi ne a keɓe wurin sarrafa dutse a bayan gari, a riƙa niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a tanadi wurin wanka da sauya tufafi domin mahaƙi ya bar kayan aikinsa a can kafin ya ɗauki ɗansa, a kuma raba injin dutse da injin hatsi. MSF ta miƙa shirin ga hukumomin Jihar Zamfara a 2022, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000 ta kuma ba fiye da 3,500 maganin fitar da dalma, don haka gwajin jini da sa ido kan ramukan da aka binne ƙasar yanzu nauyin gwamnatin jihar ne, a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa zuwa ƙauyukan ya yi wa ma'aikatan lafiya wuya.