Ƙofar Mata: Daga Gindin Ganuwar Jos Zuwa Karofin Kano

Duk Bakanon da ya shiga harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, sai ya yi turus. Ga ganuwar Kano nan tsaye a ƙasar duwatsu, an ɗora ta da tubali da jar ƙasa kamar ta gida. Wani masanin gine-gine mutumin ƙasar Polan, Dmochowski, shi ya jagoranci aikin a shekarun 1970. Kusa da ita kuma aka kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, irin ginin Babban Gwani. To, ganin wannan kwaikwayo ne ya sa na ce bari in tuna wa 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Shagamu labarin ƙofar da da yawansu suka fito ta cikinta da jakar tafiya.

Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano tun wajen ƙarni na 12. Amma Ƙofar Mata sai zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya faɗaɗa birni ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A da kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta. Rana na faɗuwa ya rufe, fatake ko sun zo da raƙuma ɗari sai su kwana a waje. Da safe ma ba a shiga haka kawai, sai an san kai wane ne, me ka ɗauko.

Abin da ya raya unguwar kuwa shi ne karofi. Marinan wurin suna cewa tun 1498 aka haƙa rijiyoyinsu. A zuba ruwa da baba da toka, a bar su kwanaki su ruɓa, sannan marini ya zauna bakin rami yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska, har shuɗin ya kama. Daga nan sai gidan bugu, inda ake lafta masa dukan da zai sa shi ƙyalli. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Buzu ya naɗa rawaninsa a tsakiyar Sahara, bai sani ba ko a bakin wannan ƙofa aka rina shi. Ga kuma filin Idi nan dab da ita, inda Sarki ke sallah kafin hawa.

Yau ramuka da yawa sun cike da shara, atamfar kanti mai arha ta karya kasuwar, samari kuma sun gwammace wata sana'a. Ganuwar ma ana ta yankarta ana gini, ko a kwashi ƙasarta. A 2007 an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Ni dai ban ga laifin titi ba, sai dai ai ana iya karkatar da shi.

Wanda zai je gida bikin Sallah ta hanyar Jos, ya ratse da yaransa su ga ta kwaikwayo. In ya isa Kano kuma ya kai su karofi, ya sayi ko da zane ɗaya ne a hannun marinan.